Sunayen da Ke Hannunki

'Yata,



Shekaranjiya bayan la'asar mahaifiyarki ta zo gidan nan. Ko mayafi ba ta sauke ba ta ce, "Yaya, ka yi wa 'yarka magana, ni na yi har na gaji." Ta ce abokan karatunki sun zaɓe ki sakatariyar kwamitin da zai ja zanga-zanga a kan ƙarin kuɗin makaranta, kuma tun da labarin ya iso ta, barci ya ƙaurace wa idonta. So take in ce ki tattara kayanki ki dawo gida. Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna. Kwana biyu ina juya maganar a raina. Yau da na dawo daga sallar asuba na ɗauko takarda, don a waya mutum yakan faɗi rabin abin da ke cikinsa, hayaniyar ɗakinku ta cinye sauran.

Ba zan ce ki dawo ba. Na ga takardar kuɗin da aka turo muku, na kuma san abin da ke shiga aljihun mahaifinki a wata. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowane magidanci ya san yadda kwanon shinkafa da kuɗin mota suka koma, kuma a wannan shekarar jami'o'in tarayya da yawa suka ɗaga kuɗin rajista. A layinmu kaɗai yara biyu sun ajiye karatu, ɗaya yana tuƙa adaidaita sahun wani, ɗayar tana gida tana jiran abin da Allah zai yi. Ruwa ba ya tsami banza. Doka ma tana bayanku. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taruwa cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba sai da izinin 'yan sanda ake yin gangami ba. Ki riƙe wannan, amma ki tuna cewa hukuncin kotu ba ya tare hayaƙin barkonon tsohuwa a bakin ƙofar makaranta.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne da na mahaifiyarki. Kalmar nan ce ta sakatariya. Ke ce mai riƙe da takarda. Wannan kuwa aikina ne, shekara talatin da biyar na yi ina yinsa.

A 1977 na fara aiki a matsayin ƙaramin akawu a ɗakin rajista na wata ma'aikata. Ɗaki ne mai taga ɗaya, fayil a jibge har rufi, ƙura a kan komai, ga warin tsohuwar takarda da yake bin rigar mutum har gida. Kowane ma'aikaci yana da fayil biyu. Na fili yana kan kanta, masinja ma yana iya ɗauka ya kai ofis. Na sirri yana cikin kabad ɗin ƙarfe, makullin yana aljihun babban akawu, kuma ba ya fita sai an sa hannu a littafi, da suna da rana da lokaci. Ranar da na fara, tsohon da na tarar a wurin ya ɗauko fayil ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Yaro, ji nauyinsa. Wannan mutum ne ka ɗauka, da matarsa da 'ya'yansa." A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Ina shekara ɗaya a wurin aka yi rikicin da aka fi sani da Ali Must Go. A watan Afrilun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka ƙara wa ɗaliban jami'a kuɗin abinci daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu a rana. Sule biyar ke nan. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ƙi yarda, ta nemi kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. A Legas aka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo. A Zariya sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Mu a ƙaramar rediyon babban akawu muka ji, muna tsaye kewaye da teburinsa, ba mai magana. Bayan shekara takwas, ranar 23 ga Mayun 1986, aka sake zubar da jini a Samaru, kuma tushen rigimar jerin gwanon tunawa da mamatan 1978 ne. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. A ƙetaren iyaka ma, ranar 9 ga Fabrairun 1990, an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy da ke Yamai, kuma wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai Nijar ga taron ƙasa na 1991. Don haka ba na raina fitowar ɗalibi. Ta sha girgiza masu mulki, ta kuma sha barin uwaye da kuka.

Amma akwai abin da mai zama a ɗakin rajista yake gani wanda jarida ba ta bugawa. In ƙura ta lafa, aka wanke titi, sai takardu su fara tafiya. A kafa kwamitin bincike, kwamitin kuma abin da yake fara nema shi ne sunaye: wa ya kira taro, wa ya yi magana, wa ya ba da kuɗi. Na taɓa riƙe fayil ɗin wani ma'aikaci, mutum mai ƙwazo, gashinsa har ya fara furfura, lokacin ƙarin girmansa ya yi. A can ƙasan fayil ɗin akwai wata wasiƙa ta tafireta, ta yi ja don tsufa, layi huɗu kacal, daga makarantar da ya yi, cewa an taɓa dakatar da shi saboda yana cikin jagororin tarzoma. Shekara ashirin da faruwar abin. Wani babba ya ja layi da jan biro a ƙarƙashinta, kuma wannan shekarar aka tsallake shi. Ba a taɓa gaya masa dalili ba. Ni na mayar da fayil ɗin kabad na kulle.

Zan gaya miki wani abu da ko mahaifiyarki ban taɓa gaya wa ba. A shekarata ta biyar a aiki na ga takardar likita a fayil ɗin wani abokin aikinmu, saurayi kamata. Ashe ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali, ya warke sarai, ba mai ganinsa ya ce ya taɓa ciwo. Wani dare a teburin mai shayi na faɗa wa aboki ɗaya, na ce tsakaninmu ne. Ban yi da mugunta ba, so nake a ga na san abin da wasu ba su sani ba. Kafin wata ya cika maganar ta kai gidan yarinyar da yake nema, aka mayar masa da kayansa. Wata safiya ya shigo rajista zai sa hannu a takarda. Ya karɓi biro daga hannuna, ya sa hannun, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, Allah ya rufa mana asiri." Ya ajiye biron a hankali ya fita. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Sai bayan shekaru na iya zuwa gidansa na nemi gafara, ya kuma yafe mini, Allah ya saka masa da alheri. Amma yarinyar ta riga ta auri wani. Magana zarar bunu ce, kin sha ji. Ni a jikin wani na ga yadda take.

To, ga shi yau fayil ya dawo cikin jakarki. Mahaifiyarki ta ce kuna da zaure a WhatsApp da mutane suka kai ɗaruruwa, kuma ke kike rubuta sunan duk wanda ya zo taro, da lambarsa ta makaranta da lambar wayarsa, da wanda ya ba da ɗari biyar ta kwali da fenti. A zamaninmu sai an sa hannu a littafi kafin a buɗe kabad. Yanzu mutum ɗaya cikin ɗaruruwan nan ya isa ya ɗauki hoton duk abin da aka rubuta ya tura inda ya ga dama, kafin ki gama alwala. Kuma tun Disamban 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, lambar waya ta zama mutum ɗungurungum, da hotonsa da zanen yatsunsa. Bayan zanga-zangar EndSARS a wannan shekarar, Babban Bankin Najeriya ya samo umarnin kotu aka rufe asusun ajiya ashirin na waɗanda aka ce suna da hannu. Sawun kuɗi aka bi.

Ba tsoro nake ba ki ba. Sunanki naki ne, in kin ga dama ki sa shi a ƙasan takardar koke da manyan haruffa, ni ma zan yi alfahari. Amma sunan wani ba naki ba ne. A cikin waɗanda kike rubutawa akwai wadda mahaifinta ya bar ta ta zo jami'a da ƙyar, yana jiran dalili ɗaya ya mayar da ita gida. Akwai wanda ƙaramar hukumarsu ko wani mai hali ke biya masa. Akwai ma'aikacin da ya samo hutun karatu, wanda takardar tuhuma ɗaya za ta raba shi da abincinsa. Sun zo taro ne don sun amince da ku, kuma ke kika fi kowa ɗaukar nauyin wannan amana. Kada ki tara abin da ba kya bukata. In adadin mutane kuke so, ku ƙirga kai. In kuɗi aka haɗa, a rubuta jimla a karanta ta a gaban kowa. In kina rubuta bayanin taro kuwa, ki rubuta abin da aka yanke, ki bar wanda ya faɗa. Wannan tsohuwar ƙa'idar akawu ce, tana sa mutane su faɗi ransu a taro ba tare da fargaba ba. Abin da bai shiga takarda ba, ba mai iya ƙwace shi daga hannunki, ko da rarrashi ko da barazana.

Haka maganar hoto. Na san bidiyo yana zama shaida, kuma da a 1978 akwai waya a hannun ɗaliban Zariya, da ba a yi ta gardama a kan yawan mamata ba. In aka zalunci wani a gabanki, ki ɗauka in za ki iya ba tare da jefa kanki a haɗari ba, ki adana, ki kai wa lauya. Amma murnar cika fili daban ce. Kafin ki watsa fuskar ƙawarki tana ɗaga kwali, ki tambaye ta. Kakanninki da suka gina gida da zaure, baƙo ya tsaya a waje ya yi sallama har sai an amsa, sun san cewa mutum yana da abin da yake nunawa da abin da yake rufewa, kuma shi ke da ikon raba su. Addini ma ya zo da wannan, neman izini kafin shiga a Suratun Nur, hani ga bin diddigin mutane a Suratul Hujurat. Ban ga inda waya ta sauke mana wannan nauyi ba.

Kwanan baya ina zaune a zaure ina sauraron labaran rana, saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Hoton wani yaro ne ɗan unguwarmu, an rubuta ɓarawo ne, a guje shi. Ashe bashin 'yan dubbai ya ci a irin manhajojin nan masu ba da rance, ya makara wajen biya, suka kwashe lambobin da ke wayarsa suka tura wa kowa, har surukansa. Da magariba na hange shi ya zo masallaci, ya tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa ya sulale. Na bi shi na kamo hannunsa na tambaye shi mutanen gida, kamar ban ga komai ba. Hannun nan rawa yake yi. An yi dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, kuma abu ne mai kyau, amma kafin doka ta iso, yaron nan ya riga ya daina zama a majalisa.

Na kawo wannan ne don ranar da rai zai ɓaci. Za ta zo. Wani a cikinku zai ce a nemo hoton gidan shugaban makaranta, ko makarantar da 'ya'yansa suke, ko a tona wani abu na iyalin malamin da ya ƙi goyon bayanku. Wani zai ce wane munafuki ne, shi ke kai rahoto, a watsa sunansa. Nan nake so ki miƙe ki ce a'a, ko da ke kaɗai ce. Ƙarin kuɗi maganar fili ce, ku tambaya da ƙarfi: nawa aka ƙara, a kan me, ina lissafin na bara, me ya sa ba za a bari a biya kashi biyu ko uku ba, yaya za a yi da wanda ya nemi rancen karatu na NELFUND bai fito ba har aka rufe rajista. Waɗannan tambayoyi suna da nauyi, kuma mai kujera yana jin tsoronsu fiye da zagi. Amma matar mutum da 'ya'yansa ba su sa hannu a takardar kuɗi ba. Zargin munafunci kuma, in ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, ba ku da sabulun da za ku wanke shi.

Sai maganar hanya. Kin ga abin da ya faru a watan Agustan 2024. Mutane sun fito saboda yunwa ta gaskiya, amma a Kano da wasu garuruwa ɓata-gari suka shiga, aka fasa, aka kwashe, aka sa dokar hana fita. Wa ya biya? A ranar 1 ga Nuwamba muka ga yara ƙanana a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, sun rame, wasu suna faɗuwa a ƙasa, bayan sun yi kusan wata uku a tsare. Sai da ƙasa ta ɗauki kuka kafin aka ba da umarnin sakinsu. Tun daga ranar, in na ji an ce a fito, abin da nake fara tambaya shi ne, wa zai tsaya a baya ya tabbatar kowa ya koma gida? Ku tsaya cikin harabar makaranta in zai yiwu. Ku san junanku. Ku sa lokacin farawa da na tashi, ku tashi da sauran rana. Kada ku ja yaran unguwa don a ga kun yi yawa.

Ki kuma duba mutanen da ke bakin ƙofarku. Matar da kike sayen ƙosai a wurinta da safe, mai buga takardu, mai wankin takalmi, mai adaidaitan da ke jiran fitowarku. A 2022 malamanku suka yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Ku kun yi asarar shekara, su kuwa wasu jarinsu ne ya karye bai sake tashi ba. Duk ranar da aka rufe makaranta, tukunyarsu ce ke fara sauka. Ban ce wannan ya hana ku magana ba. Na ce ya sa ku nemi hanyar da za a ji ku makaranta tana buɗe.

Na tuna a watannin nan takwas kin zauna gaban keken ɗinkin mahaifiyarki har kika iya yanka da kanki. Rigar da na sa a ƙaramar sallah ta wannan shekarar ke kika ɗinka, har yanzu tana nan, aljihunta na dama ya ɗan fi na hagu zurfi, a nan nake sa carbi. Kada ki saki wannan sana'a, kada kuma ki saki littafinki saboda taro. Wanda ke shiga aji, yana cin jarrabawa, in ya tashi magana a gaban hukumar makaranta ana sauraronsa da wani kunne daban. Ni na yi shekaru ina jera fayil, aikin da ba wanda ke yaba wa mutum a kansa, amma da shi na biya wa mahaifiyarki kuɗin makarantar horon malamai bayan rasuwar kakanki, ita kuma ga shi ta kai ki inda ni ban taka ba. Yanzu da na yi ritaya, kwanakina ba su da yawan labari: masallaci, koko, rediyo, ban ruwan 'yan shuke-shuken bayan gida, sai zaman zaure. Mutane sukan zo su zauna su gaya mini damuwarsu, rikicin gado, ko bashi, ko auren da ke tangal-tangal. Ba ni da kuɗin ba su, shawarata ma ba ta fi ta kowa ba. Suna zuwa ne don sun lura abin da aka faɗa a zauren nan ba ya fita. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da tsada na sayi wannan darasi, shi ya sa nake so ke ki same shi kyauta.

Yau da daddare ki zauna ke kaɗai ki buɗe wayar nan da littafin taronku. Ki bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kanki ko mai sunan ya san yana nan, kuma ko akwai bukatar ya kasance. Wanda babu bukata, ki goge. Ki sa wa wayar makulli mai kyau, ranar fita kuma ki rubuta lambata da ta lauyan da kuka yi magana da shi a 'yar takarda ki sa a jikinki, don waya tana iya faɗuwa ko a karɓe ta. In ba ku nemi lauya ba tukuna, ku nema kafin ku sa rana.

Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin mahaifiyarki. Zan ce mata ban hana ki ba, kuma zan zauna in sha faɗan da za ta yi mini. Ke kuma ki kira ta kafin ta kwanta, ki gaya mata ranar da lokacin, kada ta ji a bakin wani. Na ba direban da zai kawo miki wannan takarda ƙullin garin kunu da ƙuli-ƙuli daga matar kawunki, tana gaishe ki. Ranar da za ku fita ki kira ni bayan asuba, in kun tashi kuma ki sake kira, wayar tana hannuna.

Allah ya tsare ki, ya tsare waɗanda ke tare da ke.

Kawunki.